Ruwan da Ido Ke Gani da Zafin da Ke Ciki

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Su ne dai kuma suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Maganganun biyu duk gadonmu ne, kuma kowacce muna jawo ta ranar da ta yi mana daidai. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce, ina ne iyakar abin da ido ya isa ya yanke a kan ɗan Adam? In na ga alamar kirki a jikin mutum, shi ke nan na san cikinsa? In kuma ban ga alamar ba, ina da hurumin cewa babu komai a ciki?

Duk wanda ke zama a majalisun birnin Katsina bayan sallar Isha, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, ya san wannan tambaya tana da nauyi a rayuwarmu. Mutum zai wuce, kafin ya sha kwana an gama auna addininsa. Ana duba inda wandonsa ya tsaya, da tsawon gemunsa, da ko ƙabalu yake yi ko sadalu, da carbin da ke hannunsa, da masallacin da yake zuwa Juma'a. Mace kuwa da faɗin hijabinta ake auna ta. Na ga auren da aka fasa a kan irin wannan awo. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya da suka daina gaisawa. Na kuma ga mutumin da aka danƙa wa dukiyar marayu saboda tabon sujadar da ke goshinsa, dukiyar ta bi ruwa.

Malamai sun yi mini bayanin wannan mas'ala a zaure, amma inda ta zauna mini daram a zuciya shi ne a shagon gyaran inji. Katsina ba garin kogi ba ce. Ruwanmu na rijiya ne da na madatsai: Ajiwa da ke shayar da birni, Jibiya ta wajen iyakar Nijar, da Zobe kusa da Dutsin-ma wadda aka kammala a 1983. Yawancin masuntan waɗannan wurare da gora da kwale-kwalen tuƙi suke aiki, amma akwai 'yan jirage masu inji, kuma in injin ya ƙi, birni ake kawo shi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin 'yan ƙalilan da ke taɓa irin wannan inji a garin nan. Injin ban-ruwa da janareta su ne abincinsa na kullum, sai dai a ƙuruciyarsa ya yi zaman Yawuri, a bakin Kwara sama da madatsar Kainji, can ya koyi injin jirgi. Na sha zama a kan bencin shagonsa ina kallon hannunsa.

Mota tana da lagireto, tana yawo da ruwanta. Injin jirgi ba shi da wannan. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa ya huce. A ƙasan ƙafar injin, ɗan sama da farfela, akwai ƙananan kafofi masu raga inda ruwa ke shiga. Sama da su akwai famfo, a cikinsa wata baƙar roba mai fukafukai da makanikai ke kira imfela. Sandar da ke juya farfela ita ke juya robar, fukafukan suna lanƙwashewa suna miƙewa, suna tura ruwa ta cikin bututu zuwa kan inji. A can ruwan zai bi ƙananan hanyoyin da aka bari a jikin ƙarfen, ya kewaye silinda, ya kwashi zafi, sannan ya fita tare da hayaƙi ta ƙarƙashin ruwa inda babu mai ganinsa. A bakin mafitar akwai tamostat, ɗan ƙarfen da ke rufe hanya har sai inji ya ɗumama, a yawancin injuna wajen digiri 50 zuwa 60, sannan ya buɗe. In ruwa ya yanke, cikin ɗan lokaci fistin zai kumbura ya kame a cikin silinda, injin ya buga. Ita kanta robar, in aka tayar da inji a tudu babu ruwa, ba ta kai minti guda ta ƙone.

Da yake duk wannan aiki a ɓoye yake gudana, masu ƙera injin suka bar wata 'yar kafa a gefen bayansa inda siririn ruwa ke tsartowa waje. Wannan ruwan ba shi ke sanyaya inji ba. Shaida ce aka ajiye wa matuƙi, don ya san famfo yana aiki. Shi ya sa za ka ga ƙwararren matuƙi yana tafiya yana waiwaye, idonsa na komawa kan wannan kafa.

Wata safiya wani masunci daga wajen Zobe ya sauke ƙaramin Yamaha mai ƙarfin doki 15 daga bayan Keke Napep, fuskarsa a dame. Ya ajiye injin a ɗaki lokacin da aikin gona ya ɗauke shi, da ya koma ruwa ya ja igiya, inji ya tashi, amma ko ɗigo bai tsarto ba. Nan take ya kashe. Wani ya gaya masa famfo ya mutu, wani ya ce wataƙila ma cikin ya riga ya ƙone, har an taya injin da kuɗin ƙarfe.

"Alhaji, a duba mini. In ya mutu a gaya mini gaskiya, in san na yi," in ji shi.

Kawu bai ce komai ba. Ya sa yaransa suka rataye injin a jikin katako, ƙafarsa a cikin duro cike da ruwa har ya shanye famfon. Ya ja igiya, ya ɗora tafin hannunsa a kan silinda na 'yan daƙiƙu, ya leƙa cikin duron ya ga yadda ruwa ke dawowa, sannan ya kashe. Ya ɗauko siririyar waya ya zura a cikin 'yar kafar nan, ya juya ta a hankali. Sai ga busasshiyar laka tana zubowa gari-gari, da ɓurɓushin wani ƙwaro a ciki. Zanzaro ne ya samu kafar a buɗe ya yi gini. Da aka sake jan igiya, ruwa ya tsarto da ƙarfi har ya jiƙa rigar yaron da ke tsaye a gefe.

"Malam, injinka lafiya lau yake. Baki ne kawai ya toshe. Amma ka yi daidai da ka kashe shi," in ji kawu.

Ba a jima sosai ba aka kawo wani, babba, mai ƙarfin doki 40, na jirgin fito. Mai shi ya zo da tabbacinsa. Ya ce matsalar ta mai ce ko ta fulogi, domin in an yi nisa inji sai ya rage ƙarfi ya fara wari, amma batun ruwa kada ma a ɓata lokaci, bai daɗe da sa sabuwar imfela ba, kuma ga ruwa nan yana tsartowa. Aka sa shi a duro, aka tayar, ruwa kuwa ya fito gwanin sha'awa. Kawu ya tara hannu ya ji ruwan, ya duba fentin kan silinda wanda ya dafe ya sauya launi, ya ce da yaronsa ya kawo sufana.

"Alhaji, ai ga ruwa nan kana gani," in ji mai injin.

"Ina gani, Malam. Wannan daga famfo ya fito kai tsaye. Abin da nake so in sani shi ne ko yana zaga cikin."

A injuna da yawa, inda aka ɗebo wannan ruwan shaida yana gaban tamostat ne, don haka abin da yake nunawa kawai shi ne famfo na turo ruwa. Da aka kwance murfin, sai ga tamostat ya kafe a rufe, laka da yashi sun daskare a jikinsa. A cikin hanyar ruwan kuma kawu ya zaƙulo guntayen baƙar roba guda biyu. Fukafukan tsohuwar imfela ne da suka karye, ruwa ya kai su sama suka maƙale. An sa sabuwar roba, amma babu wanda ya bi sawun guntayen tsohuwar. Injin nan yana ta nuna shaidar lafiya a waje, cikinsa kuwa yana dahuwa.

Injuna biyu ke nan a shago ɗaya. Na farko babu alama amma ciki lafiya. Na biyu ga alama cikakkiya amma ciki ya kusa hallaka. Duk wanda ya yanke hukunci da ido kaɗai, da ya sayar da mai lafiya a wulaƙance, ya kuma ɗora rayukan mutane a kan mai ciwo.

Addininmu ya san mutanen da suka yi kama da waɗannan injuna biyu tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai yawan ba Annabi (SAW) dariya, wanda aka sha kawo shi ana yi masa bulala a kan shan giya. Wata rana wani daga cikin jama'a ya gaji ya tsine masa. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. Ba a ɗauke masa haddi ba, ba a kuma ce giya ta halatta ba. Amma an hana a rufe masa ƙofa, domin Wanda ya san zukata ya sanar da Manzonsa abin da ido bai gani ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Hawarijawa. Annabi (SAW) ya siffanta su tun kafin su bayyana, cewa sahabi zai raina sallarsa da azuminsa in ya kwatanta da nasu, amma karatun Alƙur'aninsu ba ya wuce maƙogwaro. Masu tarihi sun kawo cewa waɗannan mutane sun tsawata wa ɗan uwansu don ya jefa dabino guda ɗaya a baki ba da izinin mai gona ba, sannan su ɗin dai suka yanka Abdullahi ɗan sahabi Habbabu ɗan Aratti, suka kashe iyalinsa da juna biyu. Sayyidina Ali ya yaƙe su a Naharawan a shekara ta 38 bayan Hijira, kuma a Ramadan na shekara ta 40 ɗaya daga cikinsu ya sare shi a Kufa yana fitowa sallar Asuba. Babu wanda ya kai su cikar alama. Abin da ya toshe a cikinsu shi ne rahama da sanin iyakar kai.

To in alama tana iya yaudara ta fuska biyu haka, me aka ce mu yi? Shari'a ta ba da amsa mai sauƙin faɗa, mai wuyar riƙewa: a yi wa mutane mu'amala da abin da suka bayyana, a bar wa Allah abin da suka ɓoye. Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi (SAW) yake ƙauna ƙwarai, ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Zaton nasa yana da hujja a hankalce. Duk da haka Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa tambaya ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani, har Usama ya yi burin a ce a ranar ya musulunta. Munafukan Madina kuwa, da shugabansu Abdullahi ɗan Ubayyu, sun zauna cikin Musulmi ana aure da gado da su, alhali wahayi yana sauka a kansu. Ko a ƙissar Annabi Musa da Halliru cikin Suratul Kahfi, inda aka huda jirgin talakawa don a tserar da shi daga azzalumin sarki, Annabi Musa bai yi laifi ba da ya yi magana a kan abin da ya gani. Sanin abin da ke bayan hudar ilimi ne na musamman da aka ba bawa guda. Mu ba a ba mu shi ba.

Kada a ɗauka wannan muhawara daga nesa aka kawo mana ita. A ƙasar Hausa aka yi ta, kuma manyanmu ne suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar matuƙa, amma da malamin ya tafi a kan cewa wasu manyan zunubai suna fitar da mutum daga Musulunci, Shehu ya saɓa masa a rubuce, cikin ladabi, ya tsaya a kan matsayin Ahlus Sunna cewa saɓo ba kafirci ba ne. Ya kuma yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban ilimin tauhidi na zamaninsa da ke kafirta talakawa don sun kasa jero hujjojin aƙida yadda suke a littafi. Bayan jihadi ya kankama, a shekarun da Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, sai Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke sallah da azumi da zakka, yana cewa saɓo da miyagun al'adu babu ƙasar Musulmi da ta rasa su. Muhammadu Bello ya amsa masa da nasa hujjojin, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu a cikin Infaƙul Maisuri. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka fi mu ilimi nesa ba kusa ba sun ɗauki wannan hukunci a matsayin abu mai nauyi da ake rubuta wasiƙu a kansa shekara da shekaru. Yau yaro mai waya a hannu yana yanke shi a Facebook kafin shayinsa ya huce.

Mun kuma ga inda wannan hanya take ƙarewa. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Kano, aka kashe masallata fiye da ɗari. Kafin hannu ya ɗauki bam zuwa sahun sallah, sai da zuciya ta fara gamsuwa cewa ta san abin da ke cikin zukatan mutanen da ke sahun.

Na san abin da wani zai ce a nan, domin na sha jin sa. Zai ce ai shi ke nan, imani a zuci yake, kowa ya ji da kansa, kada a dame ni da batun sallah ko sutura. Wannan ma kuskure ne, kuma masuncin Zobe ya fi mai wannan magana fahimta. Da ya ga ruwa bai tsarto ba, bai ce wataƙila zanzaro ne ya ci gaba da tafiya ba. Kashewa ya yi, ya ɗauki injin ya biya kuɗin mota har birni. Sau da yawa in ruwan nan ya ɗauke, da gaske ne: leda ta liƙe a kafar shigar ruwa, ko kainuwa ta toshe ta, ko robar ta cinye. Ruwa ba ya tsami banza. Alama ba ta isa hukunci ba, amma ta isa ta sa a tsaya a duba. Wanda ya ga sallar Asuba tana kuɓuce masa, ya ga ƙarya ta daina yi masa nauyi a baki, ya ga haƙƙin mutane ya daina hana shi barci, sannan ya ce imaninsa na nan lafiya a zuci, yana tuƙa inji ne babu ruwa yana fatan alheri.

Nan ne na ga ma'aunin ya rabu biyu, kuma mu mun juya shi. A kan wani, rashin alama ba ya ba ni damar yanke hukunci, domin ban san me ya toshe ba. Wataƙila jahilci ne, wataƙila talauci, wataƙila wani rauni da yake kuka a kansa da dare. A kan kaina kuwa, samuwar alama ba ta isa ta kwantar mini da hankali ba, domin ni kaɗai ne a cikin mutane nake iya jin zafin da ke ciki. Haka magabata suka yi. Annabi (SAW) ya gaya wa Huzaifa ɗan Yamani sunayen munafukai a asirce. Sayyidina Umar, da duk matsayinsa, bai je wa Huzaifa yana neman sunan maƙwabcinsa ba. Tambayarsa ita ce ko shi Umar yana cikinsu. Ibnu Abi Mulaika, cikin tabi'ai, ya ce ya riski sahabbai talatin, kowannensu yana jin tsoron munafunci a kan kansa. Sun tsananta wa kansu bincike, sun sassauta wa jama'a. Mu kuma mun ba kanmu takardar shaida, mun ɗauki fitila muna haska cikin mutane.

Guntayen robar nan da kawu ya zaƙulo ma suna da abin faɗa. Mutum yakan tuba da gaske, ya sauya shiga, ya sauya abokai, ya riƙe sahun farko, ya je Umra. Duk wannan alheri ne. Amma gonar da ya cinye ta gado tana nan a hannunsa, bashin da ya danne bai biya ba, matar da ya saka da 'ya'ya bai waiwaye su ba. Malamai sun ce in zunubi ya shafi haƙƙin wani, tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya. Sabuwar roba tana turo ruwa, ido yana gani, amma hanyar cikin tana nan a toshe da tarkacen jiya.

Akwai kuma wata dabara da wasu makanikai ke yi wadda kawu ya tsana. In inji yana zafi, sai su cire tamostat su jefar, ko kuma a manyan injuna masu ƙararrawar gargaɗi su yanke wayarta don ta daina damun mai jirgi. Ciwon yana nan, an dai kashe mai faɗa. Mutum ma yana yi wa kansa haka. Yakan guji malamin da wa'azinsa ke taɓa shi ya koma wa wanda ke zagin wasu, yakan rabu da abokin da ke gaya masa gaskiya, har zuciyar da ke zarginsa in ya yi laifi ta gaji ta yi shiru. Ranar da mutum ya daina jin wannan zargi, bai kamata ya ɗauka warkewa ya yi ba.

Saura tambaya guda, kuma ita ce ta fi shafar zamanmu na yau da kullum. In an ce kada mu shiga zukatan mutane, shin sai mu ba kowa amana, mu ba kowa 'yarmu, mu zaɓi kowa shugaba don ya iya sallama da jan aya? A'a. Kyautata zato daban, sakaci daban. Kawu ba ya sallamar babban inji don ya yi kyau a duro. Yakan ce da mai shi ya kai shi ruwa, ya ɗora kaya, ya ba shi wuta sosai, sannan ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Akwai injin da ba ya zafi sai yana tafiya a hankali, wannan yawanci robar ce ta yi laushi. Akwai wanda ba ya nuna komai sai an buɗe masa wuta da lodi, lokacin ne ƙarancin ruwa ko gasket ɗin da ya ƙone zai tona kansa. Manyan jirage ma har agogo suke da shi mai auna ƙarfin ruwan da ke zaga cikin inji, domin masu su ba su yarda su dogara da abin da ke tsartowa kaɗai ba.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani mutum don a karɓi shaidarsa. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko ciniki na kuɗi ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. Maƙwabtaka da tafiya da kuɗi, su ne lodin da ke fito da halin mutum. Umar bai ce mutumin munafuki ne ba, bai taɓa imaninsa ba. Ya dai ƙi ɗora haƙƙin wani a kan alamar da ba a gwada ba. Wannan shi ne bambancin. Makomar mutum a lahira ba aikina ba ce. Amma ko zan ba shi ajiya, wannan aikina ne, kuma za a tambaye ni in na yi ganganci.

In amanar ta rayuka ce kuwa, abin ya fi haka tsanani. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Hukumomi sun danganta abin da lodin da ya wuce kima. Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Amma jirgin da ya nutsa har ruwa ya kusa bakinsa tun yana gaɓa, alama ce da kowane ido ke iya gani. Abin baƙin ciki shi ne mun ƙware wajen karanta alamomin da ba a ɗora mana karanta su ba, irin na zukatan bayin Allah, mun kuma kau da kai daga waɗanda aka wajabta mana dubawa, irin lodin jirgi da tayar mota da ma'aunin ɗan kasuwa da asusun masallaci.

Don haka ga inda na tsaya. Alama gaskiya ce, amma guntuwar gaskiya ce. Wanda ya watsar da ita zai ƙona injinsa, wanda kuma ya mai da ita hukunci zai zalunci bayin Allah. Ina roƙon malamanmu masu hawa mumbari a Katsina, na Izala da na ɗariƙu baki ɗaya, su koya wa matasa nauyin kalmar kafiri da munafuki kafin su koya musu sunayen ƙungiyoyi. Ina roƙon iyaye, in an zo neman aure, su tambayi maƙwabta da abokan cinikin yaro kamar yadda suke tambayar masallacinsa. Kai kuma ɗan uwa mai karatu, in ka ga wani alamarsa ta ɗauke, ka matsa kusa da shi da nasiha da addu'a, wataƙila abin da ya toshe ƙarami ne. Binciken da ya rage maka bayan wannan, ka juya shi kan sallarka da cinikinka da haƙƙin iyalinka, tun da sauran lokacin gyara. Allah ya gyara mana zahirinmu da baɗininmu.